Lasisin manhaja da barin ta wa jama'a

Lasisin manhaja shi ne rubutun izini da mai rubuta kod yake haɗawa da aikinsa, yana faɗin abin da wasu za su iya yi da shi. Samarinmu na Nima da Mamobi masu koyon kodin da yawa suna ɗauka in ka ɗora aikinka a GitHub, shafin intanet da ake ajiye kod, shi kenan ya zama na kowa, to ba haka ba ne fa, kod ɗin da babu lasisi a kansa hakkinsa duka yana hannun mai shi, wani zai iya gani amma ba shi da izinin saka shi a kayan da zai sayar. A Gana dokar hakkin mallaka ta 2005, wato Act 690, ta haɗa har da manhajar kwamfuta.

Akwai masu son su saki aikin gaba ɗaya, kamar mutum ya haƙa rijiya a zango ya ce wakafi ce, kowa ya ɗiba. Don haka ƙungiyar Creative Commons ta fito da CC0 a 2009, rubutun yafe hakkin mallaka wa jama'a, sai wani irinsa, Unlicense, ya fito a 2010. SQLite, manhajar ajiye bayanai da ke cikin wayoyin Android da iPhone, shi ma barin sa aka yi wa jama'a. Matsalar dai ba kowace ƙasa ce ta yarda mutum ya yafe hakkinsa baki ɗaya ba, Jamus misali, shi ya sa CC0 ya zo da lasisin ko-ta-kwana a ciki, in yafewar ba ta ci ba sai shi ya yi aiki. Kuma bai yafe hakkin patent ba, wato hakkin ƙirƙira, a kan wannan ne masu Fedora, wani nau'in Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, suka daina karɓar sa wajen kod a 2022.

Lasisin MIT gajere ne, sharaɗinsa kawai a bar sunan mai shi da rubutun lasisin. Apache 2.0 na 2004 ya ƙara izinin patent. GPL kuwa, wanda Richard Stallman ya fitar a 1989, amana ce mai sharaɗi: ka gyara ka raba, dole ka buɗe naka kod ɗin a kan lasisin nan, Linux ma a kan GPL 2 yake. Ga yaron da ya rubuta ƙaramar manhajar lissafin susu yana son kowa ya amfana, MIT ya fi masa sauƙi gaskiya, don kamfanoni sun san shi ba sa jin tsoron ɗauka.