Ofishin malamar ba da shawara ba wurin hukunci ba ne

Iyaye da dama a Kaduna sun daɗe da ɗauka cewa idan aka ce 'yarsu ta je wurin malamar ba da shawara, to lallai ta yi wani laifi ne ko kuma ta kangare. Wannan fahimta kuskure ce, domin ladabtarwa tana hannun shugabar makaranta da kwamitinta, ita kuwa wannan malama aikinta sauraro ne da jagora. Tun a manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 aka tanadi wannan aiki a makarantun Nijeriya, kuma ya haɗa har da taimaka wa ɗaliba wajen zaɓar darussan da za ta rubuta a jarrabawar WAEC ko NECO.

Abin da ya fi damuna shi ne yarinyar da ake yaba wa saboda shirunta. A makarantar kwana, ɗalibar da kewar gida ta dame ta, ko manyan ɗalibai suke takura mata, ko al'adarta ta fara zuwa ba ta san wa za ta gaya wa ba, sau da yawa ba ta tayar da hankalin kowa. Abinci kawai take ragewa, makinta ya yi ƙasa, a ce kunya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa. Irin wannan ɗaliba ce ta fi bukatar ofishin, amma tsoron a kira ta mai laifi yake hana ta zuwa.