An ce ba a ga ƙwayar ba, to ina ta shiga?

Wata mata da ta kai shekara shida tana karɓar maganin HIV a wurinmu ta shigo da takardar gwaji a hannu, fuskarta a sake. Ta ce, "Malam, an ce ba a ga ƙwayar a jinina ba. Ke nan na huta da haɗiyar magani?" Na ce, "Hajiya, zauna tukuna."

Tambayar nan na sha jin ta, kuma ban taɓa ganin laifin mai yin ta ba. Mu ma'aikatan lafiya ne muke cewa "ba a gani ba" mu yi shiru, ba ma bayanin inda ƙwayar take laɓewa.

HIV ba ta tsayawa yawo a cikin jini. Tana kutsawa cikin ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira CD4, ta ɗinke saƙonta a jikin DNA ɗin mutum, wato zaren gadon da ke cikin ƙwayar halitta. Zaren nan a ƙwayar halitta ɗaya tak ya kai kusan mita 2, an nannaɗe shi a jikin wasu ƙananan sinadarai masu suna histon. Inda naɗin ya yi sako-sako, jiki na karanta abin da ke rubuce. Inda aka matse shi tamau, rubutun na nan amma ba ya karantuwa. Wasu 'yan alamomi da jiki ke liƙawa ko cirewa su ke sa a matse ko a sassauta. Nazarin wannan shi ake kira efijanetiks, sunan da Baturen Ingila Conrad Waddington ya raɗa a 1942.

To, idan ƙwayar CD4 ta kwanta hutu, sai a matse wurin da HIV ta ɗinke kanta, ta yi likimo. Magani kuwa ƙwayar da ke hayayyafa yake tarewa, mai barci ba ya ganin ta. A 1997 masu bincike a Amurka suka tabbatar da wannan maɓoya, daga baya aka lissafa cewa sai kusan wata 44 take raguwa da rabi. Da wannan tafiyar hawainiya, sai a haura shekara 70 ba ta ƙare ba. Wanda ya ajiye magani, galibi cikin 'yan makonni ƙwayar ke dawowa jininsa. Akwai wata yarinya a jihar Misisifi ta Amurka da aka fara ba magani tana da awa 30 a duniya. An daina ba ta, ta yi wata 27 ba a ga komai ba, har an fara murna, sai ga ƙwayar ta sake ɓullowa a 2014.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙwaƙwalwa, don ba a cika zancenta ba. Tun makonnin farko na kamuwa HIV ke isa can, a ɓoye cikin fararen ƙwayoyin jini. Ba ta kama jijiyoyin tunani kai tsaye. Masu gadinsu take kamawa, ƙwayoyin da ake kira maikurogiliya, waɗanda suke daɗewa a raye. Ko tana kwance, HIV takan ɗan motsa ta fitar da sinadarai irin su Tat, su tayar da kumburi maras ciwo, su kuma taɓa alamomin nan da ke buɗe ko rufe saƙonnin gado. A 2015 masu bincike Steve Horvath da Andrew Levine suka auna waɗannan alamomi, suka ga jinin masu HIV ya girmi shekarunsu da kimanin shekara 5, ƙwaƙwalwa kuma da kimanin 7.

Kada wannan ya tsorata kowa. Gigin ƙwaƙwalwa mai tsanani da aka sha gani kafin zuwan haɗakar magunguna a 1996 ya yi ƙaranci sosai. Abin da ya rage mai sauƙi ne: mantuwa, nauyin tunani, rasa kalma a tsakiyar magana, hannu ya yi sanyi wajen sa maɓalli ko rubutu. Sau da yawa ma ba HIV ba ce. Ciwon damuwa, rashin barci, barasa, tunjere, ko wani maganin HIV kamar efabirenz duk suna kawo haka, kuma kowanne da gyaransa. Shi ya sa muke so a faɗa mana, ba a bar wa ciki ba.

Wajen neman kawar da maɓoyar nan, masana na bin hanya biyu. Wasu na son a tashi ƙwayar daga barci a kashe ta. A 2012 an gwada borinostat, maganin wata cutar daji, ya tashe ta ɗin, amma maɓoyar ba ta ragu yadda ake fata ba. Wasu kuma na neman a ƙara matse naɗin ta yadda ba za ta sake farkawa ba. Har yau babu wadda ta zama maganin da ake bayarwa a asibiti, don haka duk mai tallar "maganin wanke HIV" kuɗinka yake so.

Da na gama, Hajiya ta ninke takardarta ta ce, "Ashe barci take." Can ta ƙara da cewa kwanan nan takan shiga ɗaki ta manta abin da ya kai ta. Na rubuta a katinta, na haɗa ta da likita, ta karɓi maganinta na wata uku ta tafi.