Shirya babur ɗin kwalta da daji don doguwar tafiya: tambayoyi da amsoshi

Wane irin babur ake nufi?

Wanda aka ƙera don ya hau kwalta, ya kuma sauka burji da yashi ba tare da ya koka ba. Za ka gan shi dogo, tayar gabansa inci 21, yawanci injinsa mai silinda ɗaya. Suzuki DR650, Kawasaki KLR650 da Honda CRF300L duk 'yan gidan nan ne. Irinsu ce Yamaha XT500, wadda Bafaranshe Cyril Neveu ya hau ya lashe tseren Faris zuwa Dakar na farko a 1979, tseren da ya ratsa ta Agadas da Yamai. Sunan Ténéré da Yamaha ta raɗa wa wasu baburanta tun 1983 ma daga hamadar Nijar ta aro shi.

Idan kuɗina kaɗan ne, da me zan fara?

Da tanki. DR650 tana fitowa da tankin lita 13, kuma tana cin kusan kilomita 20 a lita idan hanya ta yi kyau. Lissafa ka gani: kafin kilomita 260 ka fara tura babur. A rairayi kuwa shan mai ƙaruwa yake yi sosai. Shi ya sa matafiya ke sauya shi da tankin roba irin na kamfanin Acerbis mai lita 25. Mai KLR650 ya huta da wannan, tankinta ya kai lita 23 tun daga kamfani. Wasu na ɗaura jarka a baya, amma ni ban so ba. Nauyin da ke can sama a baya shi ke sa gaba ya yi sako-sako, babur ya riƙa rawa.

Bayan tanki sai kariya: farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji, da kariyar hannu mai ƙarfe a ciki. Faɗuwa a daji ba makawa ce. Abin da ba a so shi ne hannun kuloci ya karye inda ba bakanike, ko dutse ya huda gindin inji baƙin mai ya tsiyaye a ƙasa kana kallo.

Ba zan ƙara wa injin ƙarfi ba?

Bar inji yadda yake. Salansa mai ƙara sai dai ta gajiyar da kunne ta tara maka yara a kowane ƙauye. Injin da ba a taɓa ba ya fi jure gurɓataccen man kwalba na bakin hanya.

To ina kuɗin zai fi amfani?

A shokazoba, kuma nan ne mutane suka fi yin rowa. Kamfani ya auna ta ne da mutum ɗaya ba kaya. Ka ɗora tanti, ruwa, kayan aiki da ƙarin mai, sai bayan babur ya zauna, fitila ta koma haska sama, kowane rami ka ji shi a ƙugu. CRF300L ta yi suna da wannan laushin. Gwajin ba wuya: ɗaure kayanka duka, ka hau, wani ya auna yadda baya ya nutse. Idan ya wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na iyakar motsin shokazobar, sifirin ya yi maka laushi, a sa mai tauri.

Kujera ma haka. Ta asali siririya ce kamar katako, awa biyu ta ishe ka. Mai ɗinkin kujerar mota zai iya faɗaɗa ta ya ƙara soso mai tauri, da kuɗi kaɗan.

Wajen ɗaukar kaya, akwatin ƙarfe ko jakar yadi?

Akwati yana kulluwa, ruwa ba ya shiga, ga shi ana zama a kai a sha shayi. Amma a yashi mutum kan sa ƙafa ƙasa ya dogara, akwatin ya zo daga baya ya danne ƙafar. Ƙafafu da yawa sun karye a haka. Mai niyyar barin kwalta ya ɗauki jaka, ya sa kariya tsakaninta da salansa don kada ta ƙone. Kayan nauyi su zauna ƙasa, kusa da tsakiyar babur. DR650 da mai a ciki ta kai kilo 166 tun ba a ɗora mata komai ba, kuma kai kaɗai za ka ɗaga ta idan ta kwanta, wataƙila sau biyar kafin azahar.

Me zan riƙe na gyara?

Tub mai kauri, kayan faci, ƙarafan cire taya, famfo, fulogi, wayar kuloci, da mahaɗin sarƙa. Tub ɗin gaba na inci 21 zai iya shiga tayar baya ya kai ka gari, don haka ɗaya ma ya wadatar. Matatar iska ta soso ka riƙe biyu, domin ƙurar hunturu tana toshe ta cikin yini guda. Sannan ka cire tayar baya ka mayar da hannunka a tsakar gida, da kayan da za ka tafi da su kawai. Duk sifanar da ka tashi ka shiga ɗaki nema, ita ce ba ta cikin jakarka.