Wai mene ne "sitem sel" ɗin nan da ya cika gari?

Kwanakin nan duk tashar da na murɗa sai na ji "sitem sel", a WhatsApp ma haka, har wata gwaggona mai ciwon zuciya ta ajiye maganin da likita ya rubuta mata ta koma zuba wani gari a ƙarƙashin harshe, 'yar leda mai tsadar gaske, wai daga tuffa da inabi aka tatso shi kuma zai sabunta mata zuciya. Abin ya tsaya min a rai wallahi.

Daga sunan ruɗanin ya faro. Masu talla suna cewa ai "sitem" karan tsiro ne da Turanci, don haka abin itatuwa ne. Alhali kalmar daga Jamusanci ta fito, wani masanin halittu Bajamushe mai suna Ernst Haeckel ya yi amfani da ita a 1868, kuma tushen zuri'a yake nufi, kakan da kowa ya fito daga tsatsonsa. A yau sitem sel na nufin ƙwayar halitta mai rai wadda ba ta kama sana'a ba tukuna, tana haifar irinta, tana kuma iya rikiɗa ta zama wata. Ta cikin ɓargonka ita ke haifa maka jini kullum, shi ya sa dashen ɓargo ke iya warkar da sikila, an ma yi shi a asibitin koyarwa na jami'ar Benin a Najeriya tun 2011. Mai rai na ce fa. Abin da aka busar aka niƙa aka jera a kanti ina ya ga rai, kuma yaushe ƙwayar tuffa ta taɓa zama tsokar mutum?

Ita zuciya ba kamar fata ba ce. Wani bincike a Suwidin a 2009 ya nuna ɗan shekara 25 ma kusan kashi 1 cikin 100 na ƙwayoyin tsokar zuciyarsa ne ke sabuntuwa a shekara, da tsufa kuma abin ƙara ja baya yake. In jijiya ta toshe tsoka ta mutu, tabo ne ke maye gurbin, tabo kuwa ba ya harba jini. Don haka da aka fitar da wani rahoto a 2001 cewa ƙwayoyin ɓargo na iya zama tsokar zuciya a jikin ɓera, likitoci suka yi ca, ana zuƙo ɓargon mara lafiya daga ƙashin ƙugu a tura ta siririn bututu har cikin jijiyar zuciyarsa.

To bayan an tura ina suke zuwa? Hoton ƙirji da muka sani siffa kawai yake nunawa, ba zai gaya maka ba. Sai a 2005 likitoci a Hannover ta Jamus suka yi dabara irin ta makiyayin da ke sa wa dabbobinsa shaida kafin ya sake su cikin garke, suka shayar da ƙwayoyin wani suga mai fitar da hasken da ido ba ya gani amma na'urar ɗaukar hoton cikin jiki mai suna PET na gani, suka tura su, bayan kamar awa ɗaya aka ɗauki hoto. Kashi 1.3 zuwa 2.6 cikin 100 ne kacal suka zauna a inda ciwon yake, mafi yawa sun tare a hanta da saifa. Da aka ba da su ta jijiyar jini kamar ƙarin ruwa kuwa, ba a ga komai a zuciyar ba. Kuma shaidar kanta rabin ƙarfinta na tafiya duk minti 110, sannan hasken ba ya ce maka ƙwayar tana raye ko ta mutu, wurin da take kawai yake nunawa. Ƙwayoyi masu rai ke nan, na jikin mutumin kansa, da aka kai har bakin ƙofa. Ina ga gari a ƙarƙashin harshe?

A 2018 jami'ar Harvard da kanta ta nemi a janye takardun bincike 31 na ɗakin gwajin malamin da ya jagoranci wancan rahoto na 2001, saboda bayanan ƙarya. Aikin gaske bai tsaya ba, kuma ina masa fata sosai: a Osaka ta Japan a 2020 an fara liƙa wa zuciyar marasa lafiya faci na tsokar da aka raina a ɗakin gwaji, ta hanyar mayar da ƙwayar jiki ta koma sitem sel, wadda masanin Japan Shinya Yamanaka ya gano a 2006. Tiyata ce ta buɗe ƙirji.

Gwaggo dai sai da ƙafafunta suka kumbura numfashi ya fara yi mata wuya muka kai ta asibiti, likita ya mayar da ita kan maganinta. Leda huɗu na nan a durowarta, har yanzu ta ƙi yarda a zubar.