Ma'anar "hanes", ɗamarar da ke tare mai gyaran jirgin ruwa idan ya faɗo

Idan jirgin ruwa ya shiga tashar gyara, irin ta Tema a Gana ko ta Nigerdock a Legas, ana zuƙe ruwan ramin da ya shiga har jirgin ya zauna a kan tubala. Daga nan mai walda da mai fenti a jikin bangon jirgin mai tsayin bene suke wuni, ƙarƙashinsu kuwa kankare ne zalla. A irin wannan wuri ake yawan jin kalmar "hanes".

Hanes ɗamara ce ta madauri masu ƙarfi da ke kama kafaɗu da ƙirji da cinyoyi. A gadon baya akwai zoben ƙarfe inda ake maƙala igiya, ɗaya bakin igiyar kuma, mai ƙugiya, a saƙala shi a wani wuri mai ƙarfi. Wasu na ce mata "bel", amma ba ɗaya ba ne. Shi bel a ƙugu kaɗai yake. Mutum na faɗowa, duk fizgar a ciki da ƙashin baya za ta ƙare, wani ma ya sulluɓe ta cikinsa. Shi ya sa hukumar OSHA ta Amurka, mai kula da lafiyar ma'aikata a wurin aiki, ta haramta shi wajen tare faɗuwa tun 1 ga Janairu 1998. A dokarta, ma'aikacin tashar gyaran jirgin ruwa na buƙatar kariya da zarar ya haura ƙafa 5, wato kusan mita ɗaya da rabi.

Abin da ya fi damuna shi ne inda ake saƙala ƙugiyar. Sai ka ga mutum ya ɗaura hanes tsaf, amma ya maƙale ta a jikin siririn bututu ko tsatsattsen ƙarfe. Dokar ta ce wurin ya iya ɗaukar kusan kilo 2,270 ga mutum ɗaya, domin nauyin mai faɗowa ba nauyin mai tsayuwa ba ne. Gara kuma ya kasance sama da kai, don kada igiyar ta yi sako-sako.

Ko igiyar ta riƙe, da sauran rina a kaba. Wanda ke reto, madauri na matse masa cinyoyi, jini ya taru a ƙafafu, ya kasa komawa zuciya yadda ya kamata. Yana iya suma, har rai ya yi halinsa cikin ƙasa da minti 30. Don haka kafin kowa ya hau, a san wa zai sauko da shi, da wane tsani ko injin ɗaga kaya, kuma kayan su kasance a kusa.