Keken da fedarsa ba ta hutawa: abin da gwanaye ke faɗa wa sabon shiga

Me ya bambanta shi da keken da muka saba hawa?

Keken da muka saba yana da firiwil a tayar baya, shi ya sa kana iya daina taka feda keken ya ci gaba da tafiya. Wannan da ake kira fiksi ba shi da firiwil. An ɗaure haƙoran baya da sarƙa ke hawa kam a cibiyar taya, muddin taya na juyawa feda ma na juyawa. Asalinsa keken tsere ne na filin zagaye, irin na tseren keirin da aka fara a Japan a 1948. Masu kai saƙo a New York ne suka yi fice da hawansa a titi, don ba shi da tarkacen da ke yawan lalacewa.

Me ke fara kayar da sabon shiga?

Mantuwa. Ƙafa ta saba hutawa, mutum zai saki jiki ya tsayar da ita, sai feda ta cilla shi sama daga sirdi. Shi ya sa gwanaye ke cewa a fara a fili inda babu mota. Sai shan kwana: tunda ba a iya riƙe feda a sama, in aka kwantar da keke da yawa tana iya dukan ƙasa. A rage gudu tun kafin a shiga.

Wai gaskiya ne ba ya buƙatar birki?

A filin tsere ba a sa masa birki, kowa hanya ɗaya ya nufa, babu mai tsallaka titi. A gari kuwa, duk wanda ya daɗe yana hawa kuma yana da tausayi zai ce maka ka sa birkin gaba. Ana iya rage gudu da turje wa feda, har a kulle tayar baya ta ja ƙasa, amma lokacin tsayawa nauyi gaba yake komawa, tayar gaba ce ke da ƙarfin riƙe keke. In kuma sarƙa ta zame a gangara, wanda ba shi da birki ba abin da ya rage masa. A Ingila doka ta wajabta birkin gaba. A 2016 wani matashi ya buge wata mata a Landan da keke marar birkin gaba, ta rasu, kotu ta ɗaure shi wata 18. Ni dai ban ga burgewar da ta kai ran mutum ba.

Wace giya ta dace?

Mai sauƙi. Da yawa kan fara da haƙora 46 a gaba, 16 ko 17 a baya. Giya mai nauyi tana cin gwiwa, wajen tashi da wajen tsayawa.

Dole ne a ɗaure ƙafa a feda?

Sabon shiga na jin tsoron haka, amma rashin ɗaurewar ya fi haɗari. In ƙafa ta kuɓuce a gangara, feda za ta yi ta juyawa tana dukan ƙwauri, mayar da ƙafar kuma ba sauƙi. A fara da maɗauri sako-sako, a koyi zare ƙafa kafin a shiga titi.

Sarƙa fa?

Kada ta yi sako-sako, kada ta yi tauri har ta riƙa ƙara. Kuma abin da ta kama ba ta sakinsa, domin taya na ci gaba da jan ta. A naɗe ƙafar wando, a cusa igiyar takalmi, mai doguwar riga ya tattare ta. Wajen goge ta da tsumma kada a juya taya alhali hannu na kusa da haƙora, an sha rasa yatsa a haka.