Giɓi a goyon masara: tun daga garin fure matsalar take farawa

'Yan uwa manoma, tambayar da aka fi yi mini bayan girbi ita ce: me ya sa masara ta yi tsayi, ganye kore shar, amma da aka ɓare goyon sai a tarar da totuwa duk giɓi? Wasu su ɗora laifin a kan taki, wasu a kan iri. Sau da yawa kuwa aikin ya lalace ne a 'yan kwanakin fure, cikin wani abu da ido ba ya gani.

Kowane silin gemun masara ƙwaya ɗaya yake kaiwa. Idan garin fure ya faɗo daga tutar masara ya sauka a kan gemun, sai ya sha ruwa ya tsiro da siririn bututu, ya kutsa cikin silin. Bututun nan kan yi tsawon kusan santimita 1 a awa guda, kuma cikin kimanin yini da kwana ya isa gindi. Ƙwayoyin namiji biyu yake ɗauke da su: ɗaya ta zama ɗan tsiron da ke cikin iri, ɗaya ta zama garin cikin ƙwayar masara da ke ciyar da shi. In bututu ya tsaya a hanya, gurbin nan ya tashi babu komai.

Abin da ke tafiyar da bututun wani furotin ne mai suna aktin. Yakan haɗu ya yi zare-zare a tsawon bututun, kuma a kan zaren nan ake jan kayan gini zuwa baki, domin ta baki kaɗai bututun ke girma. Masu bincike sun gwada zuba ɗan sinadarin da ke wargaza zaren aktin, nan take girman ya tsaya.

A nan ne nake so ku saurara da kyau. A wani ƙaramin tsiro da masana ke nazari a kansa, Arabidopsis, ƙwayoyin gado 8 ne ke sarrafa aktin. Uku suna aiki a saiwa, kara da ganye, biyar kuma sun fi ƙarfi a sassan haihuwa. Binciken Richard Meagher da abokan aikinsa a Jami'ar Jojiya ta Amurka, cikin shekarun 1990, ya nuna cewa huɗu daga cikin biyar ɗin, masu suna ACT1, ACT3, ACT4 da ACT12, suna tashi aiki gadan-gadan ne idan garin fure ya kusa nuna. Wato tun yana jikin uwa yake haɗa guzurinsa. Idan ƙishi ko zafi ya same shi a wannan lokaci, zai iya fitowa babu ƙarfin tafiya. Yana min ciwo in ga manomi ya kashe ƙarfinsa a noma da taki, sannan ya saki gonar daidai wannan gaɓar.

Don haka mai ban ruwa kada ya bari ƙasa ta bushe tun makonni biyu kafin tuta ta fito har gemu ya yanƙwane. Ƙishi yana jinkirta fitowar gemu, sai ya fito bayan tuta ta gama zubar da garinta. Zafin da ya haura digiri 35 yana kashe garin, wanda dama rayuwarsa bayan ya bar tuta ba ta wuce 'yan awoyi. A tsara shuka yadda fure ba zai faɗo a tsakiyar zafi ba. Kuma a shuka masara kunya-kunya kusa da juna, ba dogon layi ɗaya ba, tunda iska ce ke ɗaukar garin.

Feshi ma a yi hattara. Wasu magungunan kan hana garin fure tsirowa, maganin ƙwari kuma yana kashe ƙudan zuma, wanda shi ne ke kai garin a tsirrai da dama. In ya zama dole, a bari sai yamma. Bututun yana buƙatar sinadarin boron, amma kada a zuba sai an gwada ƙasa, domin in ya yi yawa ƙona ganye yake yi.